Jakar Halidu Mai Foto

A shekarun farko na 'yancin kai, duk wanda ke neman katin shaida a Yamai sai ya bi ta unguwar Zongo, ya zauna kan kujerar Halidu mai foto. Mutumin Damagaram ne, dogo, mara yawan magana. Sabbin ma'aikata da kwat ɗin aro, 'yan kasuwa, 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, kowa ya ɗauke shi hoto. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, mahaifiyarsa, Inna Madina, wadda ke zaune a Goudel, can gefen gari, wurin ƙanensa Isaka mai lambu.

"Ni da raina za ka manna ni a bango?" haka take cewa. "Bari sai na shirya."

Amma ita ce ke yaga masa tsofaffin zannuwanta, ta wanke, ta kalmashe bakinsu da allura, don naɗe idanun kamararsa, wato gilasan da ake ɗaura mata a gaba. Idanun nan biyu ne, kuma Halidu na lallaɓa su kamar ƙwai. In zai fita, sai ya hure kowanne, ya rufe shi gaba da baya, ya naɗe da tsumman Inna, ya tsayar da mai nauyin a ƙasan jakar fata, ya cusa auduga a duk wata kafa. Daga nan ya ɗaga jakar kusa da kunne ya girgiza. In ya ji shiru, ya tafi. In wani abu ya motsa, ya zazzage ya sake. Maƙwabta har tsiya suke masa, wai kafin Halidu ya gama shiri amarya ta haihu.

Wata Laraba da hantsi, Isaka ya faɗo shagon yana haki.

"Yaya, jikin Inna ya tsananta. Ta ce ka zo da akwatin naka, wai ta shirya."

Halidu ya gane abin da take nufi. Ranar nan bai hure komai ba, bai naɗe komai ba. Ya kwashi kamara da idanun biyu ya watsa a jaka, ya haye keke. A hanyar bakin kogi, inda ƙasa ke da gargada, ya ji su suna karo da juna a bayansa, ƙwas, ƙwas. Ya ji sarai. Bai tsaya ba, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

Ya tarar an fito da ita gindin mangwaro, an jingina ta da matashi, ta sa zanenta na Sallah. Da ya buɗe jaka, ido ɗaya ya farfashe, ɗayan ya tsage daga sama zuwa tsakiya. Ya tsaya yana kallonsu.

"Halidu, yau ma sai ka yi nawar taka?" in ji Inna da 'yar muryarta.

"A'a, Inna. Na gama."

Ya ɗaura mai tsagar, ya ce ta dube shi. Ta dube shi, ta ɗora hannuwanta a cinya, ya ɗauka. Bayan la'asar Allah ya yi mata rasuwa.

Sai bayan sadakar uku ya iya wanke fim ɗin. Hasken rana ya bi ta tsagar ya shafe fuskar, ba abin da ake gani sai fari kamar hayaƙi. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa komai ya fito tas: zanen, da hannuwan nan biyu masu jijiya, har da tabon allura a yatsa. Halidu ya zauna a ɗakin wankin ya yi kuka mai yawa.

Ya ci gaba da sana'arsa har tsufa, bai sake fita ba sai ya girgiza jaka a kunne. Hoton kuma ya rataye shi a shago, sama da kujerar. In jikoki suka tambaye shi yadda kamannin Inna suke, sai ya daɗe yana duban bangon, sannan ya ce, "Ga dai hannuwanta nan."