Kunyoyi Huɗu a Gonar Makau

Duk wanda ya san Makau a Gummi, da hauya ya san shi. Shekara arba'in yana noman dawa, ciyawa ba ta taɓa kwana uku a gonarsa ba. Bai yi boko ba, bai kuma yarda da maganin feshi ba, don a cewarsa ruwa ɗaya ke wanke shi.

Da damina ta faɗi a 2003, Zayyad, ɗan maƙwabcinsa Malam Abdulwahabu, ya zo daga jami'a da wasu ƙwayoyi kamar tsabar gero. Maganin ciyawa ne ya cuɗa da ƙaro da wani danƙo, yadda zai riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan har damina ta yi nisa. Aikinsa ne na kammala karatu. Ya roƙi kunyoyi huɗu: biyu a barbaɗa musu, biyu a bar su haka don a gwada. Sharaɗi guda ne, kada hauya ta taɓa su har girbi.

"Wato in zauna in kalli haki yana girma?"

"I, Baba."

Makau ya daɗe yana susar gemu. "To, na ɗauka."

A watan Agusta zazzaɓi ya kwantar da Zayyad. Kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Mahaifinsa ko tunawa da gonar bai yi ba.

Kunyoyin da ba magani kuwa ciyawa ta kai gwiwa, ga su a bakin hanyar kasuwa. Sanda, abokin wasan Makau, ba ya wucewa shiru.

"Makau, hauyar taka yaji ta yi? Ko kiwon zomo ka koma?"

"Wanga haki ba nawa ba ne," in ji Makau.

"Mai shi ai ya riga mu."

"Shi ya sa ba mai ce mini in taɓa."

Ranar gayya ma da kansa ya tsaya a bakin kunyoyin, ya kora masu noma gaba.

Da kaka ya yanke su daban, ya sussuke daban, ya kai buhu biyu zauren Malam Abdulwahabu.

"Wanga na masu magani, wanga na waɗanda aka bari. Ban gauraya ba. Abin da za a rubuta, kai ka sani, Malam."

Malam ya aika aka kawo tiya, aka auna. Na farko ya ba da goma sha ɗaya, na biyu shida da rabi. Ya buɗe littafin ɗansa inda rubutun ya tsaya, ya cike gurbin, ya aika wa malamin Zayyad a ranar.

Malam ya ɗaga hannu ya yi wa ɗansa addu'a. Makau ya shafa fatiha, ya ɗauki takalmansa.