Ranar da Na Ja Surukata Daga Paki

Shekara ashirin da uku ina auren 'yarta, amma surukata ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ba faɗa muka yi ba. Matata ce 'yarta ta fari, ita kuma tsohuwar irin mutanen da ce, masu riƙe kunya da hannu biyu. In na je gaishe ta a Paki, tun daga zaure nake cire takalmi, in durƙusa a bakin ƙofa, ita tana bayan labule. In ce, "Inna, ina wuni?" Sai ta ce wa matata a gaya mini lafiya lau, a kuma tambaye ni ya aiki. Ina jin ta, tana ji na, amma sai maganar ta bi ta hannun matata kamar takarda a ofis. Motata kuwa, ko a inuwarta ba ta yarda ta zauna ba.

Inna tana da yaya a Kudan, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage. Rabonsu da juna ya kai shekara shida, don ciwon baya ya hana Inna shiga motar haya inda ake cusa mutum huɗu a kujera ɗaya. A ƙarshen wata damina aka bugo waya cewa jikin yayar ya yi tsanani. Wani lokaci ta gane mutane, wani lokaci ta kasa, kuma duk sanda hankalinta ya dawo ƙanwarta take nema. Na ce ai ga motata. Amsar da ta dawo daga Paki ita ce tana godiya, amma ba za ta zauna a mota ɗaya da mijin 'yarta suna shaƙar iska ɗaya ba.

Da ina da hankali, da na miƙa wa wani direba mukulli magana ta ƙare. Amma ni ba na ba da aron motata, tsohuwar jif ce da na san tarinta da atishawarta. Kuma in zan faɗi gaskiya, so nake a ce ni na kai ta.

Ina da wani ɗaki mai taya, irin wanda injiniyoyin titi ke kwana a ciki, na saye shi a gwanjo bayan na yi ritaya daga aikin malamin gona. Yana da gado da ƙofa da taga biyu. Tarakta ce ta taɓa ja mini shi zuwa gonata a Saulawa lokacin girbi, ta kuma dawo da shi, tun daga nan yake ƙofar gidana a Ikara kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Na aika a tambayi Inna ko za ta shiga wannan. Ta ce in dai ɗaki ne daban, da ƙofarsa daban, to ai ba mota ɗaya ba ce. Ranar na kwana ina ganin babu mai dabara kamata a ƙasar Zazzau.

Jif ɗin tana da ƙarfen ja a baya, gajere, da ƙwallon ƙarfe kamar goruba a kansa, inda bakin tirela ke hawa ya kama. Na haɗa, na ja don gwaji. Kwanar farko da na sha a bakin layinmu, hancin ɗakin ya daki safayar tayar da ke maƙale a ƙofar baya. Ƙarfen ya yi gajere, babu filin juyawa. Na auna da hannuna, na ga in an ƙara taƙi ɗaya, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, komai zai wuce lafiya.

Na kai wa mai waldarmu, mutumin da na daɗe ina ba shi shawara a kan tumatirinsa. Na nuna masa taƙi ɗaya har sau biyu, na tafi sallar azahar. Da na dawo na tarar da ƙarfe ya miƙe ya kusa taƙi uku, an shafe shi da baƙin fenti yana sheƙi. Na tambaye shi ko hannunsa ya fi nawa girma ne. Ya yi murmushi, ya goge hannu a riga.

"Malam, ai sauran gyara ce. Kai ba baƙo ba ne a nan."

To, kowa ya san gyara. Ka sayi mudun gero, mai hatsi ya ƙara maka tafi ɗaya. Ka sayi tsire, mahauci ya jefa maka yanka biyu. Ba a mayar da ita, wanda ya mayar ya raina mai bayarwa. Ni da na yi shekara talatin ina koya wa manoma kada su wuce awon taki, na tsaya ina yi wa mutumin nan godiya. Har na ce a raina hakan ma ya fi, gwargwadon nisan ɗakin da motar, gwargwadon girmamawar da na yi wa Inna.

Washegari da hantsi muka isa Paki, ni da matata. A hanya na ga ɗakin yana ɗan kaɗa gindi, na ce murna yake yi ya bar kaji. Abin da ban lissafa ba shi ne tsaraba. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana, balle bayan shekara shida. Inna ta fito da buhun masara biyu da jarkar man gyaɗa, maƙwabta kuma kowacce ta kawo nata, wannan ƙullin daddawa, waccan kuka, wata kabewa uku, wata zabi biyu a akurki. Gadon yana can ƙarshen ɗakin, don haka aka jibge kayan duka a gaba, daidai kan hancin da ke bisa ƙarfena. Na ga bayan jif ya durƙusa, gabanta ya ɗaga kamar mai kallon wata, amma ban ce komai ba don lokacin aka umarce ni in juya baya Inna za ta fito. Na tsaya ina kallon katangar wani har aka rufe ƙofa. Matata ta shiga tare da ita.

Yau in na ga wanda zai sa mutum a cikin abin da ake ja, sai na tare masa hanya. Ranar kuwa ni ne nake ɗaga wa mutane hannu kamar mai takara.

Muna kan hanyar ƙasa ina tafiya a hankali, abin bai nuna ba. Da muka hau kwalta na ƙara wuta, sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna, kamar ba a haɗe yake da komai ba. Na duba madubi, na ga ɗakin ya leƙo ta dama, ya ɓace, ya leƙo ta hagu. Wata babbar mota shaƙe da rake ta wuce mu, iskarta ta ture shi, daga nan ya fara rawa sosai, yana jan bayan motar duk inda ya nufa. Na hango mayafin matata yana kaɗawa ta taga. Na ɗauka tana nuna mini komai lafiya, na fito da hannu na ɗaga mata. Sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na ɗaga, matata ce, amma ban ji kalma ɗaya sosai ba, sai salati da kukan zabi. Na taka birki, abin ya ƙara haukacewa, na ɗage ƙafa na bar motar ta mutu da kanta ina karanta duk abin da ya zo bakina. A haka muka gangara gefen titi a bakin Makarfi, kusa da inda ake lodin rake.

Matata ce ta fara fitowa, ɗankwali a wuya, gashin zabo a kafaɗa, ƙafarta sharkaf da man gyaɗa. Abin da ta faɗa mini ba na rubutawa ba ne. Inna ta sauko da ƙyar, ta nemi gindin wata bishiya ta zauna ta ba ni baya. Ta ce wa 'yarta a gaya mini sannu da ƙoƙari. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na leƙa ƙarƙashi, na ga ƙarfena ya lanƙwashe ƙasa kamar lauje, waldar ta fara tsagewa. Tsoro ya kama ni a lokacin, don na ga abin da ya rage tsakaninmu da mummunan labari bai kai faɗin yatsa ba.

Masu lodi suka taru. A cikinsu akwai wani tsohon direban babbar mota, mai furfura da goro a kumatu. Ya tsuguna ya duba, ya tambayi wa ya auna mini wannan tsawo. Na ce taƙi ɗaya na nema, sauran gyara ce. Dariyar da aka yi har masu shago suka fito. Shi bai yi ba. Ya zaro kara ɗaya na rake ya ba ni in riƙe gindinsa, ya rataya buta cike da ruwa kusa da hannuna, ya ce ya na ji. Na ce ba komai. Ya matsar da butar can ƙarshen raken, nan take wuyan hannuna ya lanƙwashe ƙasa, ruwan ya zube mini a takalmi. Ya ce haka na yi wa motata. Nauyin bai canza ba, amma da na tura shi nesa sai ya danne baya ya ɗage tayoyin gaba, kuma duk motsin da ɗakin ya yi, dogon ƙarfen ya ba shi mariƙin da zai juya motar da shi. Ya ce in dole sai an ƙara, a ƙara iya buƙata, a kuma rage kaya.

Sannan ya dubi bayan jif ɗin ya ce, "Alhaji, me ya hana ka kwance safayar ka jefa a cikin mota?"

Na juya na dubi safayar. Noti huɗu ne ke riƙe da tayar.

Aka nemo mai walda don ya yanke ƙarin, sai ya ce babu wuta, injinsa kuma yana wurin bakanike, sai dai zuwa magariba. Muna cikin haka aka kira matata daga Kudan. Suka ce tsohuwa ta farka garau, ta sha kunu, ta sa an jingina ta tana kallon ƙofa tun da aka ce mata mun taso. Suka ce mu hanzarta, irin wannan farkawar ba ta daɗewa.

A nan girman kaina ya ƙare. Na ciro mukullin da ban taɓa ba kowa ba, na roƙi tsohon direban ya kai su, ni zan zauna gadin ɗaki da zabi. Ya yarda. Matata ta je ta gaya wa Inna. Na ga tsohuwar ta dafa bishiya ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ki ce masa ya riƙe mukullinsa," in ji ta. "Shi ya ɗauko ni, shi zai kai ni."

Aka kwance ɗakin daga jikin jif, na bar shi a hannun tsohon direban. Inna ta kishingiɗa a kujerar baya, kanta a cinyar 'yarta. Ni kuma na murɗa madubin ciki ya kalli rufin mota, na gyara hula, na kama hanya. Tsoron ɗazu bai sake ni ba, ga kunya ta riƙe mini ƙafa, har numfashi a hankali nake yi kada in cinye musu iska. Masu keke suna wuce mu. Wani mai amalanken shanu ya bi mu a baya har ya gaji. Sai can na ji murya a bayan kunnena, ba ta matata ba.

"Ɗan nan, taka ta mana."

Saura kaɗan in faɗa gonar wani. Na ce, "To, Inna," na taka.

Mun shiga Kudan ana kiran la'asar. Na tsaya a zaure kamar yadda ya kamata. Daga nan na jiyo yayar ta kira Inna da sunan yarinta, wanda ban taɓa ji ba, ta ce mata ashe haka kika tsufa. Inna ta ce ai gara ita, da ƙafarta ta shigo. Tsofaffi biyu suka yi ta dariya mai haɗe da tari. Na zauna a kan dakali na yi kuka, ban ɓoye wa kowa ba. Kwana huɗu suka samu tare kafin Allah ya karɓi yayar, kuma a biyun farko ta san wadda ke riƙe da hannunta.

Ɗakin na dawo da shi Ikara da gajeren ƙarfe, safaya a cikin mota, bai ko girgiza ba. Mai waldarmu har yau yana jin haushin an yanke masa alheri.

Bayan addu'ar bakwai na koma ɗauko su. Inna ta buɗe ƙofar jif da kanta ta shiga, ba wanda ya lallashe ta. Na sa rai, na yi ta tafiya a hankali da gangan ko za ta sake cewa in taka, amma har Paki ba ta tanka ba. Da muka tsaya a ƙofar gida, tana zaune a bayana, in na miƙa hannu zan taɓa mayafinta, ta ce wa matata, "Ki gaya masa Allah ya yi masa albarka."

Labule ya koma inda yake, kuma bai sake ɗagawa ba har ta rasu bayan shekara uku. Duk zamanmu da ita, kalma biyar ɗin nan na hanyar Kudan su ne nawa, ba su bi ta hannun kowa ba.