Sunan Laminu da Na Ara

Kafin a san ni da damfara, ni mai lisans ne, wato digirin jami'a, wanda mahaifiyarsa take alfahari da shi a Damagaram. Na zo Yamai karatu tare da Laminu, ɗan unguwarmu, wanda muka tashi tare tun muna wasan ƙasa. Ɗaki ɗaya muka kama a Bobiel. A aji na fi shi kai, shi ma ya sani, don sau da yawa littafina yake kwafa.

Da muka gama jami'a muka shiga yawon kai dosiye, takardun neman aiki. Wata ƙungiyar agaji ta nemi ma'aikaci ɗaya, muka nema tare, aka kira mu ganawa rana ɗaya. Aka ɗauki Laminu.

Na rungume shi, na ce Allah ya sa alheri, amma ranar ko tuwo ban ci ba. Bayan ƴan makonni, muna shan shayi, ya ce mini, "Aboki, zan gaya maka wata magana, kada ka ji haushi. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ta ce sun duba shafukanmu na intanet kafin su yanke shawara. Naka duk zage-zage ne. Ka share su, ka sa hoto na kirki, ka rubuta abin da ka iya."

Gaskiya ya faɗa. A lokacin ba ni da aiki sai zagin masu biro, manyan ofis, a shafina, ina cewa ba mai samun aiki sai ɗan wane. Amma ban ɗauke ta nasiha ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mai kwafar littafina yau shi ke koya mini zaman duniya. Na ce, "To, ranka ya daɗe, na ji."

Kowace safiya kat-kat, babbar motar ƙungiyar, tana tsayawa a ƙofar gida, Laminu ya fito da baji a wuya, ni ina tsugune da asuwaki a baki. Ya ɗauke mini kuɗin haya bai taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi komai ƙona ni. Da ya yi gori, da na sami dalilin ƙinsa. In na kira gida, Inna ta ce, "Laminu ya aiko wa uwarsa buhun shinkafa. Kai ma naka na tafe, ɗana." Addu'a take yi mini, amma sai in ajiye waya raina a ɓace.

Wata rana na je bironsa in buga takarduna. Aka kira shi taro, ya bar bajinsa a kan tebur. Na rataya, na zauna a kujerarsa, na ɗauki hoto. A cikin faba-faba, motar haya, ina komawa gida na sa hoton a shafina, na rubuta, "Alhamdu lillahi, sabon wurin aiki." Kafin la'asar mutanen da suka manta da ni duk sun dawo suna taya ni murna. Laminu ya gani ya ce, "Cire wannan, zai ja mini magana." Ban cire ba. Shi na toshe, don kada ya ƙara ganin shafin.

Daga nan saƙonni suka fara shigowa. Wani tsohon ɗan ajinmu ya roƙe ni in shigar masa da dosiye, ya turo kuɗin shayi ban tambaye shi ba. Na ci, ban ga abin da ya same ni ba. Na biyu ni na yanka masa farashi, na ce kuɗin buɗe dosiye ne. Na sayi rigunan zuwa biro, na riƙa tsayawa gaban manyan otal ina ɗaukar hoto kamar mai halartar taro.

In mutum ya nuna shakka, sai in tura masa hoton Laminu da cikakken sunansa, in ce, "Ga mai tantance dosiye, abokina ne, rabin kuɗin nasa ne." Ina iya ƙirƙiro suna, ko in ɗauko hoton baƙo. Nasa na zaɓa da gangan. A zuciyata ina cewa, in abin ya fashe, a san shi ma ba waliyyi ba ne.

Cikin waɗanda na cuta akwai Hamsatu, ƴar wani mai lambu a Goudel, wadda ta karanta aikin jinya. Mahaifinta ya sayar da injin ban ruwansa ya ba ta kuɗin. Takan kira ta ce, "Yaya, Baba yana tambaya, har yanzu shiru?" In ce ta yi haƙuri, sunanta na sama. Da shirun ya yi yawa, ita da tsohon suka tafi biron suka nemi Laminu. Ya ce bai san su ba. Ran nan wani yayan Hamsatu ya sa hoton Laminu a intanet, ya rubuta ɓarawo a ƙarƙashi. Sauran da na cuta suka gani suka yi ta yaɗawa.

Ƴan sanda suka ɗauke shi a gaban abokan aikinsa. A kwamisariya aka nuna masa lambar wayar da ke karɓar kuɗin. An ce da ya kalle ta ya gane ta, ya faɗi sunana. A fada, majalisarmu ta shan shayi, aka kama ni, da kofin shayi a hannu. Alƙali ya tura ni kaso sama da shekara biyu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kaso bai gyara ni nan da nan ba. Watannin farko ina kwance cikin zafi da cunkoso, abin da ke cina shi ne Laminu yana waje yana shan iskar kat-kat. Sai wani ɗan garinmu ya kawo mini ziyara, ya ce an wanke Laminu, amma ƙungiyar ba ta sabunta kwantiraginsa ba, don sunansa ya ɓaci. Da na ji haka, sai na ji wani ɗan daɗi a raina. Bai daɗe ba, amma na ji shi. Na koma ciki na zauna, tsoron kaina ya kama ni. Mutumin da ya ciyar da ni ya rasa abincinsa, ni kuwa daɗi na ji. A ranar na fara tuba na gaskiya.

Da na fito na nemi mahaifin Hamsatu. Ya ƙi ganina, kuma bai yi laifi ba. Laminu na same shi yana koyarwa a wata ƙaramar lakwal mai zaman kanta, ya rame. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Tashi, yara na kallo. Ni na yafe maka tuni. Amma ka sani, duk inda na kai dosiye, hoton nan ya riga ni isa. Labarin wanke ni ba wanda ya yaɗa shi."

Na ce zan rubuta gaskiya in sa inda mutane za su gani. Ya ɗaga kafaɗa ya koma aji. Wannan rubutun shi ne, kuma na san ba zai kai inda ƙaryar ta kai ba.

Yanzu albasa nake sayarwa a rumfar kawuna a kasuwa. Ƙannena masu neman aiki, ku duba abin da kuka rubuta a shafinku, don masu ɗaukar aiki suna karantawa kafin su ga fuskarku. Kada ku sa aikin da ba naku ba, kada ku ba kowa kuɗi don hoton biro. In abokinku ya riga ku samu, kuka ji ƙirjinku ya yi zafi, ku faɗa wa Allah, ku faɗa wa wani babba, tun abin bai kai ga yatsunku ba. Ni na ɓoye nawa ina murmushi, har ya kai ni kaso. Nawa hukuncin ya ƙare, Laminu kuwa da bai yi komai ba har yau yana cikin nasa.