Ƙwayoyina a Ƙwaryar Matan Zumunta

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da na bi gida-gida a Kafanchan ina roƙon daddawa ba.

A shekarun casa'in ne, ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun ƙananan halittun da ido ba ya gani. Aikina a kan ƙwayoyin da ke ruɓar da wake ya zama daddawa ne. Su ke fitar da sinadarin nan mai sa miya daɗi, irin na farin magi. Nakan haska su da wata fitila ta musamman don halittarsu ta sauya, sannan in zaɓi masu ƙwazo. Sai da na rame kafin na dace da iri ɗaya da ya fi saura zubo sinadarin. Ana haka yajin aiki ya faɗo, aka rufe makaranta. Na kwaso 'yan kwalabena na taho gida, na ba wani mai kemis ajiya a firjinsa.

Mamata kuwa daddawar waken soya take yi. Ni da rawar kai, wata rana na ɗiga mata kaɗan daga ƙwayoyin a waken da ta dafa. Ta yi ta mita: "Ke, kar ki ɓata mini kaya da maganin makarantanku fa!" Daddawar ta fito da ƙanshin da ya sa maƙwabta leƙowa ta katanga.

Ba a jima ba taransifomar unguwa ta ƙone, wuta ta ƙi dawowa. Da na je kemis, na tarar kwalabena sun yi funfuna baƙi ƙirin. A dakalin shagon na zauna na sha kuka. Ba iri, ba digiri, sai maimaita shekara, ga daddawar Mama tuni an sayar da ita a kasuwa.

Da na koma gida, Mama ta saurare ni tana tsince wake, sannan ta ce, "Wannan ƙwarin naki, ba shi ya shiga daddawa na ba? Ai yana wurin matan zumunta."

Ashe al'adarsu ce a zumuntar matan cocinmu, in daddawar wata ta yi kyau sai ta gutsura wa saura su zuba a sabon wakensu, kamar yadda ake ɗibar wuta a maƙwabta. Wallahi ban tsaya neman ɗankwali ba. Gida-gida na bi da leda a hannu, matan suna ta shewa: "'Yar yunibasiti ta zo neman ƙwarinta!" Wata tsohuwa ta cika mini hannu ta ce, "Ɗauka, ɗiyata. Yesu ya sa yana ciki."

Da aka koma makaranta na raino abin da na tara, na ware iri-iri, na ɗiga kowanne a takardar gwaji na fesa maganin da ke nuna sinadarin. Yawancinsu suka fito dishi-dishi. Sai ga guda ya rine shuɗi-ja, raɗau da shi, daidai yadda nawa yake yi! Ihun da na kurma ya fito da malamina daga ofis a guje.

"Lafiya?"

"Sa, suna raye! Suna raye!"

Na yi tsalle, na yi rawa, har na manta gaban wa nake. Shekarar na kammala.

Abin da na kulle a firji ya mutu, wanda Mama ta rarraba ne ya cece ni. Tun daga nan, duk irin ƙwayoyi na kirki da na samu a wurin aiki, ba na barin sa a hannuna ni kaɗai, sai na gutsura wa abokan aikina.