Ɗakin da Munka Gyara a Isa

Shekara ta biyu da ruwa ya ƙi, munka bar Gangara ni da matata, kayanmu bisa jakin aro. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya nan ya bushe a tsaye. Rabin unguwarmu ta watse, wasu Sakkwato, wasu kudu. Ni na zaɓi Isa don akwai kasuwa, kuma a lokacin ina da bayan ɗaukar buhu. Yanzu ko tulu na ɗaga sai na kwana ina nishi.

Matata tana da ciki wata biyar, na fari. Da shekara ce ta arziki, gidansu za ta tafi ta haihu, ta yi wanka gaban uwarta. To wane gida? Uwar ta bi ɗanta kudu, ƙofar gidan an toshe ta da ƙaya. Duk inda munka sauka nan za ta haihu, nan mata za su zo mata barka. Abin da ke cikin kanta ke nan tun muna hanya.

Ɗakin da na samu na wani Alhaji ne mai fataucin fatu da ƙiraga. A shekarun nan shanu na faɗuwa ko'ina, fata ta yi arha, Alhaji ya gina babban sito, tsohon ɗakin ajiyar ya sa shi haya. Ƙasan ɗakin turɓaya ce, bangon duk maiƙo da hanyar gara. Wari kuwa, ƙuda da kansa sai ya yi shawara kafin ya shiga.

Matata ta tsaya bakin ƙofa, ta toshe hanci da bakin zane.

"Nan za a zo mani barka?"

"Wa kika sani a Isa da zai zo maki barka?"

"Ko mutum guda na, ba shi zama cikin wanga wari."

Ɗakin da ke jikin namu wata tsohuwa ce mai daddawa, ta daɗe tana zaman haya a gidan. Inna muke ce mata. Ranar da ta ga na ɗauko fartanya ina kankare bango, ta leƙo.

"Kai ɗan ƙauye, ka taɓa zaman haya?"

"Ban taɓa ba, Inna."

"Na gani. Share ka shimfiɗa tabarma ka kwanta. Kada ka yi ma ɗakin nan abin da mai shi zai gani shi tuna nashi na."

Na ɗauka lalaci ne irin na mutanen gari. A Gangara, wanda ya bar bangonsa ba yaɓe, da shi ake hira a ƙofar masallaci. Inda kake kwana, gyara shi kake yi. Ban san akwai wani zama daban ba.

Da safe ina dako a kasuwa. Bayan la'asar in gangara gulbi, wanda ya zama rairayi zalla. Mutane sun haƙa ramuka, kowa ya tsuguna da ƙoƙo yana jiran ruwa ya tsattsafo. Garwa biyu nake cikawa, ɗaya ta sha, ɗaya ta bango. Wani dattijo da ya gane abin da nake yi da ta biyun ya ce mani, "Bawan Allah, mutane na neman na sha, kai kana shayar da gini?" Na ce mashi ramina ne, da hannuna na haƙa. Ban yi mashi ladabi ba, kuma har yau ban ga laifina ba.

Ciyawar kwaɓa ƙasa babu, dabbobi sun cinye har ta jinka. Sai na riƙa bin matsayar jakuna a kasuwa ina tsintar kashinsu, da shi na kwaɓa na yi yaɓe. Farar ƙasa kuwa can bayan gari anka nuna mani ramin da mata ke ɗiba. Matata ta jiƙa ta, ta riƙa shafawa da tsumma, sau uku tana bin bangon. Ina ce mata ta zauna don cikin nan, tana ce mani in je in nemi abin yi. Daga ƙasa, kamar kamu biyu, ta zagaye ɗakin da layin bula, shuɗin nan na wanki. Layin ya ɗan karkace ta wajen ƙofa, inda cikin ya hana ta duƙawa sosai. Na so in gyara, ta ce in bar mata abinta.

Inna da ke zaginmu kullum, ita ce ta fito da makuba, ɓawon ɗorawa da ta ɓoye tun shekarar da ɗorawa ta yi 'ya'ya. Ta ce tunda mun rantse sai mun yi wauta, gara mu yi mai kyau. Na yi kwana uku ina jido tsakuwa. Ranar daɓe ta tara matan gidan su uku, kowace da madaɓinta, sunka kore ni waje. Na zauna gindin katanga ina jin bugun yana tafiya tare, suna waƙa suna sa sunan mazajensu suna dariya. Mata ne da ba su ci sun ƙoshi ba, amma ranar sun yi waƙa har muryar Inna ta dishe. Da daɓen ya sha makuba ya bushe, ya fito ja mai duhu, sumul, ka taka ka ji sanyi har ƙwaƙwalwa.

Rufin na bi shi da takardun buhun siminti da na roƙo wurin magina, don ƙasa ta daina zubo muna a tuwo, ranar da anka yi tuwon. Na gina mata ɗan dakali a jikin bango na jere. Kwanukan aurenta yawancinsu sun tafi wurin masu hatsi tun muna gida, saura shida. Ta saƙa faya-fayai ta jera tsakaninsu, mai shigowa ba ya cewa an taɓa rage komi. Wani direba mai zuwa Maraɗi da nake yi wa lodi ya ba ni tsohuwar kalanda. Rubutun Faransanci ne, ni da na tsaya aji huɗu ko Turancin ban gama da shi ba. Hoton shanu ne tsaye cikin ciyawa har ciki. Matata ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wagga ƙarya ta, zanawa anka yi." Amma ita ta zaɓi inda za a kafa ta, daidai inda idonta ke sauka in ta kwanta.

Za ni faɗi gaskiya ko da ba ta yi kama da hankali ba. Garin rogo muke jiƙawa, wata rana da ƙuli, wata rana gishiri kawai. Amma in na dawo da rana tsaka na cire riga na miƙe bisa daɓen nan, ga farin bango, ga ta zaune tana saƙa tana ba ni labarin matan gidan, ban ƙara samun zama irin wannan ba. Na zauna ɗakin siminti daga baya, har mai fanka. Ban ji komi ba.

Ni na jawo abin da ya biyo baya, da bakina. Alhaji ya shigo gidan duba fatun da ake shanya mashi a baya, zai wuce, na tare shi.

"Alhaji, shigo ka ga ɗakinka."

So nake a yaba mani, shi ke nan. Inna tana bakin murhunta, na ji ta ce, "Innā lillāhi." Alhaji ya leƙa, ya ja baya, ya cire takalmi. Ɗakin da ya shekara goma yana jibge ƙiraga, yau ya cire mashi takalmi. Ya shafa bango, ya dubi tafin hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ya ce, "Madalla, madalla." Na kwana ina jin daɗi kamar an naɗa ni sarauta.

Kwana uku ya aiko in same shi ƙofar sito. Ya ce an turo wani akawu daga Sakkwato cikin masu rabon hatsin taimako, ba a samu masauki da ya dace da shi ba. Ran Juma'a bayan masallaci zai zo ya ga ɗakin. Mu kuma mu koma rumfar da ke bayan gida, wajen shanyar fatu.

"Alhaji, rumfar nan ko ƙyaure babu. Iyalina wata takwas gare ta."

"A sa zana."

"Mu fa munka gyara ɗakin nan."

"Ni na ce ku gyara? Kun gyara, Allah shi saka da alheri. Amma ɗakin wa na?"

Har yau da furfurata ban samo amsar wannan tambaya ba.

Kwana biyu na bar dako ina zagaya Isa neman wani ɗaki. Garin ya cika da irinmu. Zaure ma mutum biyar ke kwana ciki, wasu da iyalansu gindin itace bakin tasha. Na dawo ran Laraba da la'asar na zauna ƙofar ɗaki, na gaya ma matata babu.

Inna ta ce, "Ai na gaya maka."

"Kin gaya mani, Inna. Sai ki ƙara, ban ji ba."

"Rufe mani baki, mai kan jaki. Shi akawun nan, ɗaki shika so ko farin bango?"

Ban gane ba sai da ta nuna murhunta da haɓa. Bangon da ke bayan murhun baƙi ƙirin yake, shekara da shekaru na hayaƙi.

Na miƙe tsaye. Na ce wallahi gara in kwashe kayana in bar garin, da in ɓata abin da munka yi wata biyu muna yi. Na yi ta faɗa, har da abin da ba ya rubutuwa. Matata ta bari sai da na gaji.

"Mu tahi ina, Malam? In haihu bakin tasha, 'yan kamasho na kallo?"

Washegari Alhaji ya tafi Sabon Birni sayen fatu. Da hantsi matata ta sauke kwanukanta ɗaya ɗaya, ta goge kowane, ta kai ɗakin Inna. Ta cire kalanda ta naɗe. Ni na yage takardun rufi. Munka tara busasshen kashin shanu tsakar ɗaki, da tsummokara, da guntun tayar keke da Inna ta ciro ban san daga ina ba. Matata ta fita ta zauna gindin katanga, ta juya ma ɗakin baya. Na kunna, na ja ƙyaure, na toshe taga.

Har la'asar yana ci. Maƙwabta sunka fito suna tambaya ko gobara ce, Inna ta ce masu maganin mayu ne ake yi wa mai ciki, kowa ya koma. Da na buɗe, farin nan ya zama kalar gindin tukunya, bular ko alamarta babu. Daɓen ne ya ƙi. Hayaƙi bai yi mashi komi ba, na share toka ya fito yana ƙyalli. Sai da na ɗauko galma. Matan da sunka buga shi suna tsaye suna kallo. Na sare shi wuri huɗu, na kwaso ruwan da ake jiƙa fatu na kwarara a ramukan.

Ran Juma'a Alhaji ya shigo da akawu, saurayi ne da farin takalmi da biro biyu a aljihu. Tun daga tsakar gida Alhaji ke cewa, "Za ka gani da idonka, ko a Sakkwato sai an bincika." Akawu ya sa kai cikin ɗakin, ya fito da shi da sauri, ya ciro hankici.

"Alhaji, wannan ne?"

Alhaji ya leƙa. Ya daɗe a haka. Akawu ya ce ai ba komi, zai duba wani wuri da anka gaya mashi kusa da ofis, ya yi sallama yana tari.

Alhaji ya juyo kaina. "Mi ya samu ɗakin nan?"

"Sauro, Alhaji. Mun ɗan yi hayaƙi."

"Sauro? Bana? Shekarar da ko kwaɗo ya yi ƙaura?"

"Na gidanka masu haƙuri na, Alhaji," in ji Inna daga bakin murhu.

Ya zage ni, ya zagi Gangara da wanda ya kafa ta. Ya ce mu ƙauyawa ba a yi muna alheri. Na sunkuyar da kai ina cewa a yi haƙuri. Amma bai ce mu tashi ba. Wa zai ba ɗakin a haka, in ba wani irina ba?

Bayan kwana ashirin da wani abu ta haihu, mace. A ɗakin ta haihu, da ƙyaure a rufe, Inna na riƙe da ita. Na cike ramukan da turɓaya, munka rufe da tabarmi. Mata sun zo barka, sun fi yadda na zata, har da waɗanda muke haɗuwa da su a gulbi. Duk wadda ta jingina da bango sai ta tashi da baƙi a mayafi. Na ji wata daga waje tana cewa, "Wagga mai jego ko ɗan shafe ba ta iya yi ma ɗakinta ba." Matata ta ji. Ta gyara ma jaririya kwanciya.

Ranar suna Alhaji ya zo, ya yi addu'a, ya ci goro. Da zai tafi ya ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa, kamar ba shi ya zagi garinmu ba.

"In ta gama wanka, ku sake shafa mashi farar ƙasar nan. Ku yi daɓen kamar na da. Ai kun iya."

Na ce, "To, Alhaji, in Allah ya so."

Shekara huɗu munka ƙara a ɗakin. Ruwa ya dawo, farar ƙasa tana nan a raminta kyauta. Duk wata sai ya tuna mani, duk wata sai in ce mashi to.