Zaren da Kalilu Ya Ja a Wuyan Mainasara

Kalilu mai fenti ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko labari yake ba ka, sai ya miƙe ya wanke buroshi, ya dawo, ya sake miƙewa ya leƙa titi. A haka na ji tarihinsa, guntu-guntu, a rumfarsa da ke bakin tashar Baure.

Tun yana saurayi yake zane a bayan manyan motocin da ke ɗaukar shanu zuwa kudu. Zakinsa ya yi suna har Daura. Da aka ƙaddamar da Shari'a, sai masu motoci suka fara zuwa a goge musu dabbobin, shi ma hankalinsa ya tashi. Ya je wurin malaminsu na unguwa ya tambaya. Malam ya ce gara ya bar zanen mai rai, amma idan ya zama dole, ya raba kan da gangar jiki. Kalilu ya yi wa malam alkawari. Daga ranar, duk abin da ya zana mai numfashi, sai ya ja siririn farin zare a wuyansa. Direbobi suka saba, ba mai ko kallo.

Bayan 'yan shekaru zaɓen kansiloli ya zo, Mainasara ya fito takara. Shi ne amininsa tun na ƙuruciya, kwano ɗaya suke ci kullum da rana. Ya roƙi Kalilu ya zana shi a bangon da ke kallon kasuwa. Kwana uku ya yi yana aikin, fuska ta fito kamar za ta yi magana. Da ya gama, hannunsa ya ja zaren kamar yadda ya saba, ya kwashe gwangwanayensa ya tafi gida.

Washegari ranar kasuwa ce. Kafin azahar magana ta zagaya cewa Kalilu ya yanka Mainasara. 'Yan adawa suna tsayawa gaban bangon suna dariya, wani har yana cewa a kawo tasa a tari jini.

Mainasara ya zo rumfar ko sallama bai yi ba.

"Nawa suka ba ka?"

"Su wa? Haba Mainasara, zaren nan ne fa da nake yi wa zaki."

"To ni zaki ne? A bayan mota ka gan ni?"

"Bari in naɗa maka rawani ya rufe wuyan."

"Rawani? Wa ya naɗa ni? So kake hakimi ya aiko a kira ni?" Ya juya zai fita, ya waiwayo. "Ka goge zaren nan gaban mutanen da suka yi mini dariya. In ba haka ba, kada ka ƙara sa hannu a kwanona."

Kwana biyu Kalilu yana kai-komo. Ya ɗauki keke ya nufi gidan malam, ya juyo daga ƙofa. Ya tafi garin Babban Mutum wurin yayarsa Kulu, wadda ta ce masa, "Ƙanena, alkawarin naka ne, abokin ma naka ne, ni me zan ce?" Ko ruwan da ta kawo bai shanye ba ya hau keke.

Ranar kasuwa ta gaba ya jingina tsani a bangon da hantsi, jama'a na kallo. Ya haɗa fenti kalar fata, ya shafe zaren a hankali har wuyan ya haɗe. Yana saukowa Mainasara ya kama hannunsa, ya ɗaga sama, magoya baya suka yi ta tafi.

Da yamma Kalilu ya je ya faɗa wa malam abin da ya yi. Malam ya ce ya nemi gafarar Allah, bai ƙara komai ba. Kalilu da kansa ne ya yanke cewa ya gama da fuskoki da dabbobi. Yanzu sunayen shaguna yake rubutawa da lambobin babura, aikin da ya ce ba ya kai shi rabin wuni.

Na tambaye shi ko yana nadama. Ya miƙe, ya leƙa titi.

"Ga Mainasara can yana tahowa," ya ce. "Matsa mana tabarmar, yau dambu aka yi a gidansu."