Fayafayan Badaru da Ranar Lakwaja

Badaruddeen taubashina ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa dole ya shanye. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnati a Ikko. Sa'o'insa na sayen babur, shi yana tara faifan garmaho na baƙaƙen Amurka, kiɗan fonk da sol, har arba'in da biyu. Turancinsa bai wuce na gaida oga ba, amma cewa yake wannan kiɗa da ƙirji ake jinsa. "Saurari jitar nan mai kauri, Azumi. Kamar ganga ce ta koyi magana."

Da gwamnati ta taso zuwa Abuja, manya suka tare a Garki, shi kuwa ya samu ɗaki a Tungan Maje, kusa da inda nake tuyar masa. Wautar da ya tafka a hanya ita ce: don kada buhuna su danne fayafayan, ya ɗaure su can saman lodin mota, ƙarƙashin tamfol. Ranar Lakwaja ta yi aikinta. Da aka sauke, kowanne ya lanƙwashe kamar murfin kwanon da mota ta taka.

Kwana uku bai ci masata ba. Na ce, "Ɗan ƙauye, an kawo ka sabon birni, kana zaman makokin roba?"

Ya ce, "Azumi, ƙuruciyata kaf tana cikin robar nan."

Ranar dai na ɗaga masa ƙafa.

Indo, mai kawo mini tukwane daga Ushafa, ta jujjuya faifai ɗaya ta ce abin da zafi ya lanƙwasa zafi ke miƙar da shi, amma ba da garaje ba. Badaru ya aro gilashin tebur biyu. Kullum faifai ɗaya: ya sa shi tsakanin gilasan, ya ɗan sha hantsi, a kai inuwa a ɗora masa randar Indo cike da ruwa har washegari. Mutumin da ba ya iya jiran masa ta soyu, sai ga shi ya yi wata ɗaya da rabi yana jinya. Tara sun ƙi tashi. Sauran suka miƙe.

Wata Asabar bayan la'asar ya fito da garmahon ƙofar gida. Alexander, akawun da kullum ke rantsuwa zai koma Ikko, ya fito da tawul a wuya yana juyi. Zazzagawa masu shaguna suna tsaki, ƙafafunsu na tona musu asiri. Ni kaina tanda guda na ƙona.

Faifan da Badaru ya fi so bai gama miƙewa ba, akwai inda allura ke tsalle. In an zo wurin, sai Badaru ma ya daka tsalle. Kafin damina duk layinmu sun haddace gurbin, tare ake tashi sama.

Yanzu da tsufa ya zo masa, gwiwa ta ƙi, sai dai ya ɗaga sanda. Amma bai taɓa kuskure wurin ba.